Tumakin Gunvor

Gunvor Thygesen ba ta taɓa riƙe ƙwayar halitta mai rai ba. Ganin jini ma jiri yake sa ta. Amma tun ƙuruciyarta a birnin Aarhus take kiwon ƙwayoyin fata na kwaikwayo a cikin kwamfuta. Sai ta kafa wa kowace ƙwaya ƙa'idar tafiya, ta tsaga musu rauni a tsakiya, ta zuba ido ta ga yadda za su rufe shi. 'Yar makiyayi ce, shi ya sa abokan aiki ke kiran su tumakinta.

Preben, wanda ke rainon ƙwayoyin gaske a ɗakin gwaji, ya mai da ita abin tsokana. Kullum sai ya tambayi lafiyar tumakin da ba sa cin ciyawa. Tana dariya, amma abin na ci mata rai. Ga ritaya ta ƙarato, kuma ta san in ba wanda ya gaskata aikin, ranar da ta tafi za a kashe shi kamar fitila.

Sai tumakin suka nuna mata abin da hankali bai ɗauka ba: in aka ɗan sassauta riƙon da ƙwayoyi ke yi wa juna, rauni ya fi saurin rufewa. Ta tuna ƙofar garken ubanta, in tumaki sun cushe babu mai wucewa. Preben ya ce zancen banza ne, amma ta nace har ya gwada da nasa. A wurinsu duk wanda ya kwafsa shi ke kawo wa kowa kek, don haka ya ce ta fara sayen fulawa.

Ranar da sakamako ya fito, ta kira Preben, ta jera bidiyo biyu a allo ba suna, nata da nasa. A duka biyun raunin ya rufe da wuri.

"To, gwani, wanne ne naka?"

"Haba Gunvor, ko cikin barci na san 'ya'yana. Ga su a hagu."

"Tumakina ne."

Daɗi ya cika ta. Washegari Preben ya shigo da kek, ya roƙi ta koya wa ɗalibansa kiwo kafin ta tafi.