Na Yi Dilka Na Shiga Ranar Yola

Edita, ina gaishe ku da aiki. Na daɗe ina son in ba 'yan'uwana mata labarin abin da na yi wa fuskata da hannuna, yau dai na daure na ɗauki biro.

Kumatun wata dattijuwa ne suka fara ɗaukar idona. A lokacin, rikici ya koro mutane daga Borno da arewacin jiharmu, Yola da Jimeta sun cika maƙil, makarantar firamaren da nake koyarwa ta koma masauki, mu malamai muka koma masu rabon abinci. Ina riƙe da ludayi ina zuba shinkafa da wake sai layi ya kawo ta gabana. Ta kusa sittin, ta yi kwanaki tana tafiyar ƙasa a daji, zaninta duk ya yage, amma fuskarta sumul take, tana sheƙi kamar an goge ta da siliki. Na tsaya kallonta har miyar ta zuba a ƙafata.

Shekarata talatin da biyu a lokacin, 'ya'yana biyu, muna zaune a Nassarawo. Babu littafin soyayyar da zai shigo kasuwa ban karanta ba, wasu har bangonsu ya fita don juyi. A cikinsu na koyi cewa macen da ake so ita ce wadda in ta ɗaga labule miji zai manta maganar da yake yi. Mijina soja ne, ɗan goggona, Hamma nake ce masa tun ina yarinya. An tura shi Borno, ya kusa shekara biyu ban sa shi a ido ba, sai waya in an dace da sabis. A wannan makon kuma na ga wasu siraran layuka uku a gefen idona, da wani a goshi. Tsoro ya kama ni cewa zai dawo ya tarar da wata mata, ba yarinyar da ya bari ba.

Na bi dattijuwar nan, wadda kowa ke kira Hajja, har gidan danginta da ta koma a Adarawo. Ashe gyaran amare ne sana'arta a garinsu, ita ta gada wurin kakarta. Kwana biyu da haka Hamma ya bugo ya ce an ba shi hutu, nan da mako uku yana gida. Wayyo daɗi! Na zagaya tsakar gida ina rawa, yara suna kallona. Na tsara komai a kaina kamar babin ƙarshe na littafi: leshin da zan sa, turaren da zan kunna, yadda zan sunkuyar da kai in ɗago a hankali, shi kuma jakarsa ta suɓuce ta faɗi.

Hajja ta yi dariya da na gaya mata, da Hausarta ta Barebari mai ce wa mace kai. Ta ce ita ba ta ga tsufa a fuskata ba, rashin barci da tunanin soja ta gani. Amma ta yarda za ta yi mini dilka, wannan haɗin gari da kurkur da mai da ake murza fata da shi. Sharaɗinta ɗaya ne: in zo in tare a ɗakinta kwana bakwai, in ajiye takalmina a bakin ƙofa, ba fita, ba tsayawa gaban murhu. Na ce mata ai wannan na amare ne, ni na wuce zaman kunya a ƙuryar ɗaki, ga aiki ga yara. A raina na ɗauka kullen amarya al'ada ce kawai, don a ɓoye ta ango ya yi marmari. Na yi ta roƙo har ta gaji, ta ɗebo mini a 'yar roba, ta ce sau biyu a mako, a hankali, kuma in guji rana, ta ƙara da cewa mu 'yan Fillo akwai gaggawa.

Ban ji ko ɗaya ba. Safe da yamma nake murzawa, da ƙarfi, har sai fuskar ta ɗau zafi. Na matsa lemun tsami a ciki don na ji an ce yana ƙara haske. Wata mai shago a kasuwa kuma ta ba ni wani mai fari a kwalba marar suna, ta rantse mini wata Hajiya mai jikoki ta koma kamar budurwa da shi, shi ma na juye. Kuma wallahi makon farko abin ya yi kyau. Fuskata ta yi fes, layukan kamar an share su da tsumma. Ina tafiya a keke ina leƙa madubin direba. Abokiyar aikina, Madam ta aji huɗu, Kirista ce daga kudancin jihar nan, ta dinga tsokanata wai in soja ya ga wannan fuska zai miƙa bindiga ya ce ya yi ritaya. Daga baya ta daina wasan, ta ce Anti, wannan jan da fuskata ta fara yi bai yi mata ba, ta miƙo mini lemarta. Na ƙi karɓa. So nake a gan ni. Haka nake tsayawa a filin makaranta daga sha biyu zuwa uku, gaban tukwane masu tururi, a ranar Yola da kowa ya sani.

A mako na biyu fatar ta fara raɗaɗi ko ruwa na taɓa. Ta yi ja, ta yi ƙuraje, ta fara salewa, sannan kumatuna biyu suka yi baƙi ƙirin kamar an manna musu dutsen guga. Na yafa mayafi na rufe har hanci na tafi Adarawo ina kuka. Hajja ba ta yi faɗa ba. Ta kama haɓata, ta shinshina kumatuna, ta ce akwai abin da ba nata ba a nan. Sannan ta gaya mini abin da ya kamata in tambaya tun farko: dilka tsohuwar fata take cirewa, wadda ke ƙasa ɗanya ce kamar ta jariri, shi ya sa ake rufe amarya har ta yi ƙwari. Ta ce wa ya taɓa shanya jariri a rana. Da kanta ta raka ni asibiti. Likita ya ce man kwalbar nan ya sirantar da fatar, rana ta ƙarasa sauran, kuma tabon zai daɗe.

Hamma ya iso da azahar, ya rame, furfura ta fito masa a gefen kunne. Na tare shi da mayafi a fuska. Da ya janye shi jakarsa ta faɗi kamar yadda na tsara, amma ba don abin da na tsara ba. Ya riƙe fuskata yana tambayar a ina abin ya tashi, yara fa, me ya sa aka ɓoye masa. Ya ɗauka bam ne ya same ni. Da na gaya masa gaskiya sai ya zauna a ƙasa. Can ya yi dariya har da hawaye, ya ce shi ya je fagen fama ya dawo ba ƙwarzane, ni ina Nassarawo na ci kaina da yaƙi. Na yi dariyar nima, amma tsoron da na gani a idonsa ya fi tabon yi mini ciwo.

Yau fiye da shekara goma ke nan. Tabon ya dusashe amma bai tafi ba, fatar wurin ta riga ta sa'o'ina yamushewa, ba na fita sai da lema da man kare rana. Har yanzu ina karanta littattafaina, sai dai na gane babu ɗaya da ya taɓa faɗin yadda jarumar ta kasance a shekara arba'in. 'Yan'uwa, in za ku ɗauki gyaran gargajiya ku ɗauke shi da dokarsa duka, ku tambayi dalilin kowace. Kada ku shafa abin da ba shi da suna a kwalba. Layin gefen ido ba ciwo ba ne, ni da zan samu nawa su dawo a madadin wannan tabo, da gudu zan karɓa.

Hajja ba ta koma garinsu ba. Tana nan Adarawo, ɗaki biyu gare ta yanzu, amare har daga Wuro Hausa da Jimeta layi suke bi. Ta daina ba kowa dilka a roba ya tafi da ita gida. In wata amarya ta fara ƙorafin za ta leƙa shagon tela ta dawo, sai Hajja ta bugo mini waya ta ce in shigo keke in zo. Ina zuwa, in zauna a gaban yarinyar, in cire mayafina, mu sha shayi. Babu wadda ta sake maganar fita.