Tarin da Ke Cikin Waya

Da asuba tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin autarta, ba takalmi, tana sauraro. Yarinyar ta yi tari sau biyu, busasshe, mai jan numfashi a ƙarshe. Ta san irin wannan tarin.

A asibitinmu Anti Tari ake kiranta, kuma tana amsawa. Aikinta ta kara wa mutum waya a baki ya yi tari. Wayar ta saurara, in ta nuna kore ya tafi gida, in ta nuna ja a ba shi kwalba ya tofa majina, a duba ko tarin fuka ne. 'Yan dako, masu wanki, direbobi, ba wanda bai yi mata tari ba.

Sai mijinta ya fara tari. Tela ne, mai barkwanci.

"Ƙurar yadi ce, uwargida," in ji shi. "Kai wayarki ta ji gulmar wasu."

Ta yi dariya ta ƙyale shi. Ranar da ya yarda a gwada shi, wando ya riga ya daina zama a ƙugunsa. Wayar ta nuna ja, magani kuma bai cim masa ba, ya rasu.

Tarinsa na nan cikin wayar, ta ƙi gogewa. Wani lokaci in layi ya tsinke, sai a ji namiji na tari a ɗakin gwaji, a leƙa a tarar ita kaɗai ce.

Da autar ta fara, cewa ta yi, "Sanyin fanka ne, Mama." Anti Tari ta so ta yarda. Kwana da kwanaki wayar na kwana a jaka, ba ta fito da ita a gida.

Ran nan sai ga su tare a asibiti. Ba ta tsallake layi ba, ta zaunar da yarinyar a benci bayan wani tsoho. Da aka zo kanta, ta goge wayar da auduga.

"Mama, kamar za ki yanka ni."

"Yi tari, sarkin surutu."

Ta yi. Ja.

Anti Tari ta daɗe tana kallon gilashin wayar. Sannan ta buɗe kwalba ta damƙa mata.

"Daga can ƙasan ƙirji. Yau za a duba, ba gobe ba."

Abin da na gani na ƙarshe, ta rufe kwalbar da kyau, ta wuce ni, ni da kai kwalaben aikina ne, ta kai ɗakin bincike da ƙafarta.