Mun Bi Sawun Mai Jego Har Horo Birni

Ana idar da sallar asuba muka bar Sakkwato, ranar Talatar da ta wuce, mu uku a tsohuwar Landirobar asibiti: ni da likitan mata da direba. Ni ungozomar asibiti ce, Bazazzagiya, aiki ya kawo ni ƙasar nan shekara shida ke nan. Likitan mutumin kudu ne, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba. Bincike yake yi a kan matan da jikinsu ke kumbura bayan haihuwa, numfashi ya riƙa gagararsu, zuciya ta gaza. Duk mai cikin da ta zo awo ta yarda, sai mu buɗe mata kati, mu ce ta dawo bayan suna a sake auna ta.

Kati ɗaya ne ya fito da mu. Na wata yarinya ce mai suna Hajo, mai cikin fari, wadda jininta ya hau sosai a awonta na ƙarshe. Ta haihu ko ba ta haihu ba, ba mu ji ba, ga shi lokacin dawowarta ya wuce. Likita ya ce irin wannan in aka bar ta, labarin rasuwa kawai za a ji. A katin an rubuta Lambara, da rubutun hannuna.

Man tafiyar ma sai da direba ya yi yini biyu a layi kafin ya samu. Wannan tsuke bakin aljihu da gwamnati ta shigo da shi bai bar kowa ba. Hanyar Bodinga kwalta ce, ba laifi, sai dai rana na ɗagowa zafin bazara ya fara gasa mu, motar kuwa tagarta ɗaya ce ke buɗewa, ita ma sai an lallashe ta.

A Bodinga muka karya. Masa da miya na sule biyu ta ishe ni, direba ya ci ta sule biyar yana cewa ba shi da lafiya. Albasa kam ga ta nan tsibi-tsibi, arha kamar a ce ka ɗauka don Allah. Amma ka tambayi sabulu ko madarar gwangwani, sai mai tebur ya dube ka kamar ka tambayi nonon kaza. Wani tela da ke bakin tasha ya ce min zare ma yanzu sai da sanayya. Likita ya sayi albasa rabin buhu don uwargidansa, albasar da muka sha warinta har muka dawo.

Lambara ƙauyen manoma ne, kowa na sharar gona ana jiran ruwa. Ba mu sha wuya ba muka sami gidan. Mijin Hajo ya fito da fartanya a kafaɗa, muka gaisa, na tambaye shi mai ɗakinsa. Ya dube ni da mamaki.

"Ai haihuwar fari ta, Malama. Ta tai gida wanka. Tana Horo Birni wurin uwatta, yau kwana goma sha tara."

Wallahi kunya ta kama ni. Ni da aka kai gidanmu wankan fari, ni da na san ba Bahaushiyar da ke jegon fari a ɗakin miji, ni ce na cika katin nan ban tambayi garin iyayenta ba. Takardar da likita ya tsara ta ce a rubuta inda mace take aure, ni kuma na bi ta kamar makauniya. Na gaya wa mijin abin da muke tsoro, na ce in ta kama a kai ta asibiti fa? Ya sunkuyar da kai ya ce shi ba ya da ta cewa a gidan surukai, abin da uwarta ta yanke shi ke nan.

Muka bi ta Shagari. Direba ya ce shi da ya ji garin shugaban ƙasa ne, ya zaci zai tarar ana rabon shinkafa a bakin titi. Gari ne dai kamar sauran, ga sakatariya, ga 'yan tireda, ga shanu na ƙetare hanya ba sa ko duban mota. Muka sha fura da nono mai kyau a wurin wata Bafulatana, muka tambayi hanya, muka sauka daga kwalta. Daga nan sai rairayi. Sau biyu motar na kafewa, likita da kansa ya cire kwat ya tura.

Azahar ta yi muka shiga Horo Birni. Gidan ba shiga ne, don haka likita ya zauna a zaure da mahaifin yarinyar, ni na shiga da jakar awo. Tun daga tsakar gida na ga ƙatuwar tukunyar wanka a kan murhu da ganyen darbejiya a gefe. A ɗaki kuwa, cikin wannan zafin, an hura garwashi a ƙarƙashin gadon ƙasa. Hajo na zaune a kai ta jingina da bango, don in ta kwanta numfashi ɗaukewa yake. Ƙafafunta sun yi suntum, na danna da yatsa, ramin ya ƙi cikewa. Ga ƙwaryar kunun kanwa a kusa da ita. Jaririn dai lafiyarsa lau, yana barci.

Na auna jini, na saurari ƙirji, na fita zaure na gaya wa likita, ya aiko ni da wata tambayar, na koma. Sawu huɗu na yi. A na ƙarshe ya ce a yi mata allurar da ke sa fitsari yanzu, kuma a tafi da ita yau, ba gobe ba.

Uwarta, wata doguwar tsohuwa mai ƙarfin hali, ta ce atafau.

"Sanyi na yash shige ta, ɗiyata. Itace yai tsada, wuta ba ta isa ba. Arba'in ba ta cika ba in hita da ita, mutane su ce mi? Su ce na kasa wankan ɗiyata?"

Na ce, "Inna, kanwar nan da zafin nan su ke tara mata ruwa a jiki."

Ta yi tsaki. "Ke wa yai miki wanka?"

"Uwata."

"To kin mutu?"

Na ce, "Ban mutu ba, Inna. Yayata ce ta mutu, a kan irin gadon nan, ana ƙara mata wuta."

Ban yi niyyar faɗa ba, fitowa ta yi. Tsohuwa ta daɗe tana kallon ƙafar 'yarta. Sai na ce mata ba wanda zai raba ta da wankanta. Na ce ta biyo mu, ita za ta riƙa yi da hannunta safe da yamma har arba'in, amma da ruwa mai ɗumi, kuma kanwa a bar ta a gida. Ta ce da tukunyarta za ta. Na ce ko murhun ne ta ɗauko.

Haka aka ɗaure tukunya a saman Landiroba, aka cusa ganyen darbejiya kusa da albasar likita. Hajo a zaune ta yi tafiyar, kanta a kafaɗata, ina ƙirga numfashinta a duk ramin da muka faɗa. Mun tsaya a Lambara mijin ya leƙo ya ga ɗansa, ya kawar da kai da sauri saboda surukarsa. Ana kiran magariba muka shiga Sakkwato.

Yau kwana biyar. Kumburin ya fara saɓewa, shekaranjiya ta yi barci a kwance karo na farko. Inna na bayan ɗakin masu jego da tukunyarta, ta riga ta yi faɗa da masu shara biyu. Na kama ta da ƙullin kanwa a bakin zane, ta ce na miya ne, na karɓe duk da haka.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba mai yawa ba ne. Likita ya ƙara layi ɗaya a takardarsa: garin iyayen mai ciki. Ni kuma jiya na buɗe akwatin tsofaffin katuna, na ware waɗanda aka rubuta wa "ba ta dawo ba". Mafi yawansu na masu cikin fari ne, kuma duk rubutun hannuna ne. Na ce wa direba ya koma layin mai.