Ivonete da Baƙon da Bai Taɓa Ruwa Ba

Shekara ashirin da uku Ivonete Quirino ta yi tana kai abinci a otal ɗin Poço da Seriema, ɗaya daga cikin wuraren wasan ruwan zafi na garin Caldas Novas. Ba a nan aka haife ta ba. 'Yar wani ƙauye ce a bayan Ipameri, inda ubanta yake kiwon shanun wani attajiri. Tana da shekara goma sha tara ta hau motar safa ta zo neman aiki, aka sa ta wankin tawul a bayan otal har sabulu ya tsattsaga mata hannu. Daga nan ta koma wankin kwanuka. Wani manaja ya lura ba ta da mantuwa, ya ba ta farar riga da tire, aka liƙa mata suna a ƙirji. Ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya, mijin ya rasu a hatsarin babur yarinyar tana aji uku. Ba ta sake aure ba.

Ɗakin cin abincin na iyalai ne. Da rana ta yi tsaka sai su kwararo daga wurin wanka, jiki na ɗigar ruwa, yatsu sun yi yaushi, yara na ihu, masu shigar biri da aku suna rawa a tsakanin tebura. A cikin wannan hayaniyar ce wani lokaci za ka ga mutum ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Yarinyar da ke tarbar baƙi ta ce, "Ku nawa ne?" Shi kuma ya ɗaga yatsa ɗaya kamar wanda aka kama da kayan sata. Sauran ma'aikata can kusa da ƙofar kicin suke cusa irin waɗannan. Ivonete kuwa nata ne. Tebur mai kyau take ba su, ta kwashe faranti na biyu tun kafin su zauna, kuma ba ta taɓa tambayar ko ana jiran wani. Tsofaffin da mazansu suka mutu, direbobin motocin yawon buɗe ido, uban da aka ba shi 'ya'ya na mako guda suka gudu wurin zamiya suka bar shi, duk ta san yadda za ta yi da su. Mai son hira ta ba shi hira, mai son shiru ta ƙyale shi.

"Uwar marayu, ga wani ɗanki can ya iso," in ji Cleuza, babbar mai girki, duk lokacin da ta leƙo ta tagar kicin ta hango irinsu.

Haka ta faɗa ranar wata Litinin cikin hutun watan Yuli, lokacin da mutumin ya shigo. Zai kai shekara hamsin. Rigarsa mai maɓalli ce, ta sha guga, takalminsa sau-ciki, gashinsa a bushe. A hannunsa akwai warwaron robar da ake ɗaura wa duk baƙon otal. Ya nemi teburin jikin gilashi, inda ake ganin hanyar da ta taso daga wurin wanka. Ya ce sunansa Valdecir, daga Uberlândia. Murya ƙasa ƙasa yake magana, ko ruwa ta ajiye masa sai ya yi godiya.

Ya zo da ƙarfe sha biyu, ya tashi da ɗaya. Talata ma haka. Shinkafa da kaza da ɗan itacen pequi ta kawo masa, abin da mutane ke lashe farantinsa, ya ɗan tsakura ya bari. Idonsa na kan hanya.

"Seu Valdecir," ta ce, da laƙabin girmamawa irin na can, "ruwan namu bai yi maka ba ne? Mutane daga São Paulo suke tahowa takanas don shi."

"Ni ba wanka ya kawo ni ba, Dona Ivonete."

Ranar Laraba da ta zo kwashe faranti sai ya juyo mata da wayarsa. Hoton wata mata ce mai dogon gashi ja, tana riƙe da yarinya mai giɓi.

"Matata ce, Rosilene, da 'yata. Sun riga ni zuwa, ni aiki ya riƙe ni. Ba su san na iso ba. Gobe yarinyar za ta cika shekara bakwai, so nake su ɗaga kai kawai su gan ni. Amma wurin nan naku kamar kasuwa, kwana uku ban hango su ba."

Tausayi ya kama Ivonete. Ta ƙura wa hoton ido, sai ta yi dariya.

"Ai na san su! Gashin ne ya so ya ruɗe ni, yanzu baƙi ne, ta rage shi. Yo ina za ka gan su? Ba sa zuwa sai biyu da rabi, in mutane sun ragu. Can lungu suke zama, bayan tukwanen furanni."

"Baƙi ta mai da shi," ya ce, yana kallon lungun. Sannan ya ƙara da cewa, "Kada ki gaya musu."

"Haba, ni da ɓata biki? In sa a yi mata kek?"

"Ba sai da kek ba. Ba za mu daɗe ba."

Laraba rabin yini take yi, ƙarfe biyu ta tashi. Tana cikin motar komawa unguwarsu maganar ta fara yi mata kai-kawo. Da ta isa gida ta zauna tsince wake, sai ta ga hannunta ya tsaya. Wane miji ne bai san launin gashin matarsa ba? Kuma me zai hana shi tambayar lambar ɗakinsu a wurin masu rajista? Ta tuna yadda matar ke zama kullum bayanta a jikin bango, fuskarta na kallon ƙofa. Ta tuna ranar da wani tire ya suɓuce ya faɗi, kowa ya yi dariya, ita kuwa matar ta fizgo yarinyar ta danne ta a ƙirji, ta daɗe ba ta sake ta ba. A lokacin Ivonete ta ɗauka tsabar firgita ce irin ta wasu mata. Ta ce wa kanta tsufa ne ya fara sa ta zargi, mutumin kirki ne, ko tsawa ba zai iya ba. Waken dai bai dahu a ranar ba.

Alhamis sha biyu ta yi, bai zo ba. Ɗaya ta yi, masu shigar dabbobi suka yi rawarsu suka fita. Har ta fara sakin jiki. Biyu saura kwata sai ga shi. Bai nufi jikin gilashi ba. Ya wuce kai tsaye ya zauna a teburin da ke bakin lungun, inda duk wanda ya shiga ba shi da hanyar fita sai ta gabansa. Kwana uku rigarsa a soke take cikin wando. Yau ya sake ta. Da ya sunkuya zai ja kujera, Ivonete ta ga rigar ta tokare da wani abu a ƙugunsa na dama.

"Kofi kawai," ya ce.

Ta samu manaja Edmilson a bayan kanta, ta faɗa masa a gurguje. Ya leƙa, ya ga mutum zaune lafiya lau yana ninke tsumman goge baki.

"Ya zagi wani? Ya taɓa wani? Ivonete, waya ce ko jakar tabarau. Kina so in aika masu gadi su lalube baƙo a gaban jama'a, cikin hutu? In ya kai mu ƙara ke za ki tsaya?"

"Yallaɓai, ni na nuna masa inda suke zama."

"To kin yi aikinki. Kai masa kofinsa."

Ba ta kai ba. Ta shiga kicin ta ajiye tire. Cleuza ta buɗe baki za ta yi tsiyar da ta saba, ta ga fuskarta, ta rufe.

"Kira 'yan sanda," Ivonete ta ce. "Ki ce mutum da bindiga a ɗakin cin abinci. In ƙarya ce, ni za a kora."

Ta fita ta ƙofar baya, ta bi ta bayan injinan ruwa. Mace mai shekara arba'in da biyar da ciwon gwiwa, rabonta da gudu har ta manta, amma ranar ta yi. A bakin ƙaramin tafkin yara ta same su. Matar tana goge wa yarinyar kai da tawul, jakarsu a rataye, suna shirin tahowa.

"Baiwar Allah, ke ce Rosilene?"

Matar ta miƙe a hankali. "Ba da wannan sunan na yi rajista ba. Wa ya gaya miki?"

"Akwai wani mutum yana jiranku a ciki. Ya ce shi mijinki ne. Valdecir."

Rosilene ba ta yi ihu ba. Ta zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen siminti. Tawul ɗin da ke wuyanta ya zame, Ivonete ta ga tabo mai kauri daga ƙasan kunne har ƙashin wuya.

"Wata goma sha ɗaya," matar ta ce, kamar da kanta take magana. "Gari uku muka canza. Takardar alƙali na cikin jakata, an hana shi matsowa kusa da mu. Yarinyar ce ta dame ni tana son ganin ruwa, na ce kwana biyar kawai."

"Mama, Baba ne?" yarinyar ta tambaya. Ta riga ta ɓuya a bayan uwar.

"Tashi, 'yata, ba lokacin kuka ba ne," in ji Ivonete. "Ku manta da kayan ɗaki. Ku biyo ni."

Ta bi da su ta wata siririyar hanya da baƙi ba su sani ba, har ɗakin wanki inda ta fara aiki tana budurwa. Motar kai tawul tana tsaye ana loda ta. Direban ya san Ivonete shekara da shekaru, bai yi tambaya biyu ba. Aka kwantar da uwa da 'ya a tsakanin buhunan zannuwa, ya ce ofishin 'yan sanda na mata zai kai su, ta ƙofar ma'aikata.

Saura komawa. In ya ga shiru zai tashi nema, motar kuwa sai ta zagaya ta gaban otal kafin ta hau titi. Ivonete ta wanke fuska, ta ɗauki kofi ta kai teburinsa.

"Kin daɗe," ya ce.

"Injin ne ya tsaya, yallaɓai."

"Kina haki."

"Tsufa ne."

Ya dubi agogo. Biyu da minti talatin da biyar. Ya dubi lungun, ya dubi takalminta. Ita ma ta duba. A jiƙe yake sharkaf da ruwan bakin tafki, ta bar sawu tun daga ƙofar kicin.

"Zauna, Dona Ivonete."

"Ba a yarda mu zauna da baƙi ba."

"Na ce ki zauna. Kwana huɗu ina ci ni kaɗai."

Ta zauna. A tebur na kusa wata tsohuwa tana ba jikanta ayaba. Hannun Valdecir na dama ya sauka ƙarƙashin tebur, bai dawo ba. Ya kurɓi kofin da hagu.

"Kina da 'ya'ya?"

"Ɗaya."

"To kin san yadda abin yake. A raba mutum da jininsa." Muryarsa ba ta tashi ba. "Ta ina suka bi?"

"Ban gan su ba yau."

"Jiya bakinki bai yi nauyi haka ba."

Ivonete ta ƙura wa kwanon sukari ido tana kiran sunan Maryamu a zuci. Ba ta san minti nawa suka yi a haka ba. Cleuza ta ce bai kai biyar ba. 'Yan sanda uku suka shigo, biyu ta gaba, ɗaya ta kicin. Valdecir ya gan su, ya yi ɗan tunani, sannan ya ɗora hannu biyu a kan tebur. Abin da ke ƙugunsa bindiga ce, cike da harsashi. Da suka tashe shi bai yi gardama ba, bai kuma dubi kowa ba sai ita. Ya sunkuyo ya karanta abin da ke ƙirjinta a hankali, kamar mai koyon karatu.

"Ivonete. Na gode da hidima."

Washegari Edmilson ya tara ma'aikata ya yi jawabi a kan sa ido, ya ce shi ya ba da umarni a kira hukuma. Cleuza ta yi tsaki har na bayan ɗaki suka ji. Ivonete ta je ta ba da shaida sau biyu. Rosilene kuwa ba ta sake ganinta ba. Wata 'yar sanda ce ta ce mata an fitar da su daga jihar, ba ta faɗi ina ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Wata huɗu aka tsare Valdecir, lauyansa ya samo masa beli kafin shari'a. 'Yar Ivonete, wadda ke aikin jinya a Goiânia, ta zo har gida ta yi kuka ta ce ta bar aikin ta dawo wurinta. Ivonete ta ce ba ta saba zama a gidan suruki ba, kuma gwiwarta ba ta son benen can.

Cikin Disamba, ana ruwan sama, wayar kicin ta yi ƙara. Cleuza ta ɗauka. Wani namiji mai ladabi ya tambaya ko Dona Ivonete tana nan har yanzu, kuma ƙarfe nawa take tashi.

"Wace Ivonete? Ai ta koma Bahia tun bara, ta auri wani mai kifi," in ji Cleuza. "Wa zan ce ya kira?"

Aka kashe.

Tun daga ranar, mijin Cleuza ne ke ɗaukar su biyun a tsohuwar motarsa, ya sauke Ivonete a ƙofar gida, ya jira har ta kunna fitila ta ɗaga labule. Ta sa an ƙara ƙarfe a tagogi, ta karɓi ɗan kwikwiyo a wurin maƙwabta. An sa ranar shari'a a watan Afrilu, kuma an ce dole ta je ta tsaya a gaban Valdecir ta maimaita abin da ta gani. Ta riga ta nemi hutun ranar.