Layin da Ya Ƙi Miƙewa

Shekara ashirin da bakwai ke nan Mai Balan yana aiki ɗaya a ofishin hasashen yanayi. Kullum ƙarfe bakwai na safe zai shiga rumfar kwanon da ke bayan ofis, ya hura balan-balan har ta kai faɗin ƙofar ɗaki, ya ɗaura mata ɗan akwati mai auna zafi da sanyi, ya sake ta. Akwatin yana aiko da lambobi ta rediyo har balan ta kai kilomita talatin, can sama da gajimare inda jirgin fasinja ma ba ya zuwa, sannan ta fashe. Shi kuwa yana zaune yana zana lambobin a takarda. Surukinsa har ya koma ga Allah yana ƙorafin ya ba da 'yarsa ga ƙaton da ke wasan yara ana biyansa albashi.

Tun shekararsa ta uku layin zanen ke damunsa. Daga kilomita goma sha takwas zuwa sama sai ya kama karkacewa, dama da hagu, kamar sawun maciji a yashi. Dokar ofis ita ce a ɗora rula a miƙar da shi, wai kuskuren na'ura ne. Yakan miƙar ya aika, amma karkataccen na asali sai ya naɗe ya kai gida. Kwali goma sha ɗaya ne a ƙarƙashin gado, matarsa kuwa ta daɗe tana cewa ɓeraye ne kaɗai suka san darajar iliminsa.

Ana nan aka kawo sabon shugaba, mai digiri biyu da saurin yanke magana. Ya lura hannun Mai Balan na rawa in yana ɗaura igiya, kuma ba sharri ya yi masa ba, hannun ya fara rawa. Nan take ya ce ɗaurin ne ba ya kamawa, akwatin na lilo a sama, shi ya sa layi ke karkacewa. Daga ƙarshen wata za a mayar da shi tsaron ɗakin ajiya.

Abin ya ƙona masa rai ƙwarai. Ɗakin ajiya bai dame shi ba kamar a ce duk shekarun nan hannunsa ne ke yi wa sama ƙarya.

Ranar Asabar ya jawo kwalayen, ya ture kujerun falo, ya fara jera takardun wata-wata maimakon shekara-shekara. Matarsa ta riƙa wucewa a kan 'yan yatsu tana tambaya ko yau ma a tsaye za a ci abinci. Da ya gama, ya hau kujera ya duba. Layukan rani kusan a miƙe suke. Da damina ta matso sai su fara kaɗawa, washegarin babban hadari kuwa kaɗawar ta fi ta kullum. Abin da ya daɗe yana zargi ke nan: in hadari ya taso yakan tunkuɗa iska sama, nauyinta ya dawo da ita, ta sake tashi, motsin ya yi ta hawa kamar ruwan kwano da aka bugi gefensa.

Ranar Litinin ya ɗauro takardun a babur, ya shimfiɗa su a barandar ofis tun daga ƙofa har bakin ɗakin shugaba.

"Ranka ya daɗe, hannuna na rawa, ban musa ba," in ji shi. "Amma rawar da yake yi da rani ita yake yi da damina. Wannan layin kuwa ya san damina."

Shugaba ya tsuguna ya daɗe yana bin takardun da yatsa. Ya ce ya karanta labarin irin wannan kaɗawar iska a littafi, sai dai bai yarda akwatinsu mai araha zai iya kama ta ba. Ya ce shi da kansa zai riƙa ɗauri har wata guda, in layi ya miƙe magana ta ƙare.

Watan nan ya yi wa Mai Balan tsawo. Kullum yana tsaye a bakin rumfa, hannu a baya, yana kallon wani na yin aikinsa. A mako na uku aka kwana ana ruwa da tsawa. Da safe shugaba ya yi ɗaurinsa har ƙulli uku, ya zauna ya zana da hannunsa, layi ya fito a karkace fiye da duk na cikin kwalayen.

Washegari Mai Balan ya tarar da shi a rumfa riƙe da igiya.

"Baba, zo ka ɗaura," in ji shugaba. "Daga yau kuma kada a sake ɗora rula."

Ya karɓa. Igiyar ta kuɓuce masa sau biyu. Shugaba ya miƙo hannu zai taimaka, Mai Balan ya tare shi da gwiwar hannu, ya ja numfashi, ya ƙulla a karo na uku, ya fita fili da balan ya sake ta.