Yajin jego a kan sikeli

Ban yafe wa wanda ya ce a riƙa auna saƙo ba. Ko wane ne shi, ban yafe ba.

Ɗan ƙanena direba ne a wani kamfanin dakon kaya nan Maraɗi. Tun da ya fara jan kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Katsina, saƙona a bayan kujerarsa yake tafiya, ba mai tambaya. Da 'yata ta fari ta sake haihuwa a can, na sayo citta da masoro, na aika Jiratawa aka kawo mini barkono, na daka yajin jego har sai da makwabta a unguwarmu ta Zariya suka yi ta atishawa. Na ƙulle shi da daddawar Tibiri, na kai masa tasha.

Ya ɓoye hannuwansa a baya. "Gwaggo, an canza doka. Duk abin da ke cikin mota sai kamfani ya aika wa duwan, wato kwastan, bayaninsa ta ordinatar kafin mu isa iyaka. Mene ne, kilo nawa, nawa kuɗinsa. In suka ga ƙulli ɗaya da ba a rubuta ba, mota ta kwana, ni kuma aikina ya tafi."

"To ka ce naka ne."

"Ni na haihu, Gwaggo?"

Ya ja ni buro, ofishin kamfanin. Yarinyar da ke gaban ordinatar, kwamfutar nan tasu, ta gaishe ni da ladabi, ta nuna sikeli. Da furfurata na shiga yaƙi da jahilci, don haka na leƙa na karanta da kaina: wurin farashi na nan, ba wurin da za a sa kyauta. Kwafin takardar kuma yana bin kaya har hannun mai karɓa. Wato surukan 'yata su zauna su karanta nawa na kashe wa jikana! A gidanmu ba a auna kyauta, balle a faɗi kuɗinta. Na ɗauke ƙullina.

Amma suna ya matso, kuma in yaji bai je ba za a ce 'yata ba ta da uwa.

"Kayan fasinja fa?" na tambaye shi a waje.

"Nasu daban ne. Amma ke da ko sunanta ba kya faɗa don kunya, ke ce za ki je?"

"Rufe mini baki."

Washegari da safe na ɗaure ƙullin a zanena, na tsayar da ɗan kabu-kabu, na ce ya kai ni tashar motocin Katsina.