Shugaban Gonakin Bube

Duk wanda ya taɓa sayen maganin feshi a layin 'yan taki na kasuwar Talata Mafara ya san Ɗayyabu, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon saurayin nan na shagon Alhaji Nagode, mai auna maka taki da hannun dama, waya na hannun hagu. Ka tambaye shi maganin ciyawa, ya ba ka amsa daidai, amma idonsa bai bar kan wayar ba. Wasu na ɗauka raini ne. Ba raini ba ne, jira yake yi, kuma ya daɗe yana yin sa.

Mutumin Faru ne ta ƙasar Maradun, ɗan fari ga Malam Bube, manomi mai gonakin gero biyu da ɗan fegi a fadama. A gidaje irin nasu zama ɗan fari ba wasa ba ne. Uba ba ya kama sunanka, ba ya zama hira da kai, ba ya yabonka ko da a bayan idonka. Tun tasowarsa Ɗayyabu bai taɓa jin sunansa a bakin Malam Bube ba. In zai aike shi sai ya ce "kai", in zai ba da saƙo sai ya ce da ƙanwarsa Husna, "Ki ce ma wancan ya taho." Ranar da ya gama kwalejin noma ta Bakura ya dawo gida da murna, tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce madalla, ya tashi ya tafi ɗaure shanu. Ɗayyabu ya san kunya ce irin ta iyaye, ba ƙiyayya ba. Sanin hakan bai hana abin ci masa rai ba.

Aikin da ya yi karatu dominsa bai samu ba, sai zaman shago. Da safe ya share, ya jera galan-galan na magani, ya yini yana shaƙar warin taki, da yamma ya ja ƙofa. Yana cikin wannan hali wata ranar kasuwa sai ga Bello, abokin karatunsa a Bakura, wanda ya samu aiki da wata ƙungiya a Gusau har wuyansa ya yi kauri. Bayan sun sha gaisuwa, Bello ya dubi shagon sama da ƙasa, ya girgiza kai.

"Wanga zama da kaka yi ba ya kai ka ko'ina," in ji shi. "Yanzu ba a biɗar aiki da ambulan a hannu. Akwai dandalin da ma'aikata da masu ɗaukar aiki ka taruwa cikin intanet. Ka buɗe shahi, ka sa hoto, ka riƙa faɗin abin da ka iya har su san da zamanka. Wanda anka san sunanai shi za a kira."

Ɗayyabu ya buɗe shafin a ranar. Da yake yaron kirki ne, sai ya rubuta gaskiya, wai shi mai kula da shagon kayan noma ne. Shafin ya zauna shiru kamar shagon ranar da ba kasuwa. Da Bello ya leƙa ya gani, dariya ya yi har da tari, ya ce wa zai ɗauki yaron shago. Ya ce a wannan dandali ba a shiga da ƙanƙan da kai, kowa shugaban wani abu ne. Haka Ɗayyabu ya kwana yaron Alhaji Nagode ya wayi gari Shugaban Gonakin Bube.

Shugaba kuwa sai da hoto. Ya sa shaddarsa ta salla, ya tsaya gaban siton Alhaji inda buhunan shinkafa suka taɓo rufi, ya dafa motar ɗaukar kaya kamar shi ya sayo ta. Ranakun da ba ciniki ya hau mashin zuwa gonakin ruwan Bakolori, ya shiga shinkafar mutane har gwiwa, ya roƙi masu gonar su ɗauke shi. A ƙasan kowane hoto yakan rubuta abin da ya sani da Turanci: yadda ake gane tsutsa ta shiga kara, lokacin da feshi ke zama asara, dalilin da taki ke ƙone shuka. A yi masa adalci, duk abin da ya rubuta gaskiya ne, kuma ya iya bayani. Hotunan ne kawai na aro.

Sai ga mutane sun fara tsayawa. Wani daga Abuja ya yaba, wata daga Ibadan ta yi tambaya, har wani daga wata ƙasa ya ce irin waɗannan matasa ake buƙata. Ɗayyabu ya canza tafiya, ya fara gyara hula kafin ya amsa sallama. Mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suna kiran sunansa cikakke, suna cewa ya yi ƙoƙari. Wanda ya tashi ana ce masa "kai" shi kaɗai zai gane daɗin da yaron nan ya ji.

Abin da ya manta kuwa abu ne da kowane yaro a Faru ya sani. Can ba a faɗin yawan dami. Ka tarar da mutum rumbunsa cike har baki, ka ce yaya amfani, zai ce maka an dai samu na kunu. A da tsoron baki ne da hassada. Tun da mutanen daji masu satar mutane suka addabi yankin, abin ya wuce nan. Mai hali ba ya sa sabon kwano a ɗakinsa, wanda ya sayi sabon mashin sai ya shafa masa laka kafin ya shiga gari, saboda ba ka san wanda ke kai rahoto ba. Ɗayyabu ya san duk wannan, da hannunsa ya taɓa shafa wa mashin ɗin kawunsa laka. Amma shi a ganinsa dandalin wata ƙasa ce daban, ta masu Turanci, wadda ɗan Faru ba zai taɓa taka ta ba.

Shi da kansa ya buɗe ƙofar. Ya ɗauki hoton shafin ya tura wa Husna, wadda ke aure a cikin garin Maradun. Bai ce ta nuna wa kowa ba, amma a ransa mutum ɗaya yake so ya gani. Husna kuwa murna ta kama ta, ta ɗora a wayarta kowa ya gani. Daga nan hoton ya faɗa zauren hira na waya na 'yan garinsu, an rubuta masa ɗanmu abin alfaharinmu. A Faru sai an hau tudu ake samun sabis, amma hakan bai hana hoton yawo daga waya zuwa waya a rumfar mai caji ba.

Da ya kira Husna ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Baba ya gani?"

"Ya gani, Yaya."

"Mi ya ce?"

"Bai ce komi ba. Ya dai daɗe shina dubi."

A ranar, Ɗayyabu har ragi ya yi wa masu sayen taki, don a wajensa daɗewar nan yabo ce.

Ba a jima ba baƙin lambobi suka fara kiransa. Mutum ya gaishe shi da Alhaji, ya tambayi gida da aiki da gajiya, sannan a ƙarshe ya ce yaushe zai leƙo gida. Wani da bai sani ba ya zo shagon, bai sayi ko mudu ba, ya tsaya yana kallon sito, ya tambaya ko duk nasa ne. Ɗayyabu ya ce na maigidansa ne. Mutumin ya yi murmushi ya ce ai haka ake cewa.

Sai Husna ta kira, muryarta a ƙasa. Ta ce wasu mutum biyu a kan mashin sun tsayar da Baba a gona, sun nuna masa hoton. Baba ya faɗa musu gaskiya, cewa yaron shago ne, ko allura ba tasa a cikin siton nan. Suka yi dariya suka ce kowa ma na kunu ya samu. Nan gaban Ɗayyabu ya faɗi, don ya ga inda abin ya kulle. A garin da mai rumbu cike ke rantsuwa ba shi da komai, ba yadda za a yi talaka ya tabbatar shi talaka ne. Duk musun da aka yi, ƙara gaskata hoton yake yi.

Ya goge hotunan a yinin nan. Banza ne, tunda suna cikin wayoyin da bai san adadinsu ba. Ya yi niyyar rufe shafin gaba ɗaya, Bello ya ce kada ya kuskura, ana dab da kiransa. Ya yi tunanin ya fito fili ya rubuta cewa shi ba shugaban komai ba ne, sai ya ga masu Turancin ne kaɗai za su yarda, su kuma su ne ba ya so su sani. Ya zauna tsakanin biyun, abinci ma ya daina yi masa daɗi.

Kiran da ya shekara yana jira ya zo a lokacin. Wata Malama Nazifa ce daga wata ƙungiya mai tallafa wa manoma. Ta ce sun daɗe suna karanta abin da yake rubutawa, kuma suna neman wanda zai riƙa shiga ƙauyukan Maradun yana koyar da manoma, su Faru da Dosara da kewaye.

"Baƙo ba zai iya ba," in ji ta. "Ɗan gida muke so, wanda zai shiga ya fita ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi. Shi ya sa muka ga kai ne daidai."

Ɗayyabu ya yi godiya, ya ce zai yi shawara. Da ya ajiye wayar sai ya ji kamar ya yi dariya, amma ba ta fito ba.

Kaka ta yi. Tun da ya bar gida bai taɓa fashin yankan gero ba, shi ke ɗaurin dami, shi ke hawa rumbu, tsohon na miƙo masa ba tare da sun haɗa ido ba. Ya ce wa ransa bana ma zai je, ko da cikin tsummokara ne. In ya shiga ya fito lafiya, to aikin ma zai karɓa. Ya sayi sukari da ganyen shayi da sabulu na mahaifiyarsa, ya cusa a jaka tare da tsohuwar rigar gona, ya tura jakar ƙarƙashin bencin shago, da nufin ya bi motocin da za su koma bayan an tashi kasuwa.

Da hantsi, kasuwa ta fara cika, wayarsa ta yi ƙara. Lambar mai cajin Faru ce. Ya ɗauka yana zaton saƙo ne za a ba shi, sai ya ji sallamar Malam Bube. Tsohon bai taɓa kiransa da kansa ba. Ɗayyabu bai san lokacin da ya durƙusa a tsakanin buhuna ba, kamar yana gabansa. Suka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi shanu, tsohon na amsawa lahiya lau. Yana jin kukan awaki daga can.

"Ɗayyabu," in ji Malam Bube.

Ya ce, "Na'am, Baba."

"An ce mani kana shirin tahowa. Kak ka taho."

"Baba, geron hwa? Wa za ya hau rumbu?"

"Za mu san yadda munka yi. Ka zamna inda kake. Ko an ce maka ban da lahiya, kak ka taho. Ko an ce maka na cika, ka yi mani addu'a daga nan, ta ishe ni." Ya ja numfashi. "Ka ji ni, Ɗayyabu?"

Ya ce ya ji. Tsohon ya sa masa albarka, ya miƙa wa mai caji wayarsa.

Ɗayyabu bai tashi daga durƙuson ba sai da wani mai sayen maganin feshi ya gaji da sallama ya buga benci. Washegari ya kira Malama Nazifa ya ce ba zai samu dama ba. Ta tambayi dalili, ya ce uzuri ne na gida, ta yi masa fatan alheri.

Yana nan a shagon har yanzu. Shafin ma yana nan, babu hoto, kuma lokaci-lokaci wani daga nesa yakan taya Shugaban Gonakin Bube murnar ƙarin shekara a kan aiki. Jakar ba ta bar ƙarƙashin benci ba, sukarin ciki ya dunƙule ya zama dutse, amma ya ƙi bari a taɓa. In kasuwa ta yi sanyi yakan kife wayar a kan buhu ya zauna yana kallon motocin Maradun suna lodi. Abin da ya so ji tun yana yaro ya ji shi, sau biyu a rana ɗaya, kuma duka biyun a cikin maganar hana shi zuwa gida ne.